Fari a Jikin Baba

Baba Labbo ya hau jinkar rumbun albasa
ranar Talata, tun raɓa ba ta bushe ba,
igiyar kaba a haƙora, lauje a ƙugu.
Shekara talatin yana wannan hawa a Yauri.

Bai ga sheƙar ba. Tana ƙarƙashin tanka,
toka-toka, kamar tsohuwar takarda.
Ina ƙasa ina miƙa masa shuci
na ji gunji irin na injin niƙa daga nesa,
sai ga kansa ya yi baƙi da rina.
Ya diro ba tsani, ya nufi gulbi da sauri.

Inna ta ƙirga da fitilar waya:
arba'in da ɗaya a baya da wuya,
da ta kai fatar kai sai ta daina.
Aka shafa manja, aka shafa toka,
Kawu Arzika ya zo da kanwa da gishiri.
Baba na dariya da leɓe kamar gwaza:
"Ni da kunama ta harba sau bakwai,
ni da na kwana da dafin kububuwa a ƙafa,
ƙwaro ne zai kai ni kabari?"

Laraba ya zaga bayan ɗaki,
ya dawo bai ce komai ba.
Ni na gani a kan yashi,
launin zoɓon da ya kwana.
Alhamis, cokali ɗaya.
Juma'a aka shiga fari.

Raɗaɗin harbi ya kwanta, muka ce an warke.
Sai takalmi ya ƙi ƙafa,
idanu suka koma tsaga biyu,
zoben azurfa ya nutse cikin kumburi.

A Birnin Kebbi wata likita siririya, Saudatu,
ta zana mana a bayan kati:
"Ƙoda rariya ce. Dafi mai yawa
yana narkar da jini da tsoka,
dusar ita ke toshe idon rariya."
Ta dubi Inna, ta sassauta murya,
"Ina ma kun zo da wuri."

Suka haɗa shi da inji.
Na ga jinin ubana ya fita yawo cikin roba,
ya kewaya, ya dawo gida kamar ɗan aike.
Wanki ɗaya, buhun albasa kaza.
Wanki biyu, tunkiyar Inna.
Wanki huɗu, Kawu ya sayar da rabonsa a kwale-kwale,
bai faɗa wa kowa ba a gari.

Ma'aikaciyar jinya ta ba ni gora mai zane,
ta ce kowane ɗigo a auna, a rubuta.
Ni da ko sunansa ba na kamawa don kunya,
kullum asuba ni ne a kansa:
"Baba, akwai?"
Ya juya fuska bango.
Ban taɓa jin liman ya koya wa mutane
addu'ar roƙon fitsari,
amma na yi ta, hannu sama,
yadda manomi ke duban gabas yana neman hadari.

Dare na goma sha ɗaya
ya taɓa ni da yatsan ƙafa.
Ƙarar ba ta fi ta yayyafi a kan kwano ba.
Bai ma kai zane na farko ba.
Inna ta rangaɗa guɗa a tsakiyar ɗakin majinyata,
ma'aikaciyar ta zo da faɗa,
ta ga gorar, ta ce, "To, alheri."

Mun koma bayan wata guda.
Ruwa ya shiga ta inda ba a gama ba,
rabin albasar ta ruɓe tana wari.
Sheƙar na nan. Ba ta kai tafin hannuna ba.
Baba ya daɗe yana dubanta, dogare da sanda,
wandonsa ya yi masa yawa.
Ya miƙo mini laujen.
"Kafin ka hau," ya ce, "leƙa tun fari."